Bokiti Mai Kama da Hular Manaja

Ranar Litinin da ƙarfe tara na safe Manajan ofishin ruwa ya buga wa caji ofis waya. An sace injinan famfo uku masu aiki da hasken rana, unguwa uku sun kwana uku ba ruwa, kuma shi ya riga ya gano ɓarauniyar. Abin da ya rage kawai a turo mota a ɗauke ta.

Sufeto ya ajiye wayar ya dubi Saje. Shekara ashirin da shida yana aikin nan, ba abin da ke ba shi ciwon kai kamar mai ƙara da ya zo da ɓarawonsa a aljihu.

"Ɗauko mota. Ankwar kuma bar ta a aljihunka tukuna."

Ofishin ruwa ɗaki biyar ne a jere, da baranda doguwa. A kan bencin barandar suka tarar da wata mata ta rungume jakarta, idonta ya yi ja amma bakinta a tsuke yake. Ita ce mai zana wa ofishin taswira a kwamfuta, shekara tara tana yi, har sunanta ya ɓace, kowa sai Malama Taswira. Tun da safe aka karɓe makullin ɗakinta.

Manaja gajere ne mai ƙiba, da wata jar hula da ta lotsa ta gefe ɗaya. Bai bari sun zauna ba ya shimfiɗa takarda a tebur.

"Ga shaida, Sufeto. Taswirar famfunan gari ce. Koren ɗigon ruwa, famfo na aiki. Jan bokiti, famfo ya mutu, a kwance shi. Dubi ukun nan da aka zagaye da biro. Lafiyarsu ƙalau, amma an sa musu bokiti. Ma'aikata suka bi takarda suka kwanto su ranar Juma'a, suka zuba a filin tarkace na baya. Yau muka zo babu su."

"Me ya sa ka ce ita ce?"

"Sunanta ne a saman takardar. Kuma kaf ofishin nan ita kaɗai ke da kalmar sirrin da ake canza bayanin famfo. Ni kaina ban da ita."

"Ta ga takardar?"

"In ba ta shaida a hannu? Ta yaga?"

Sufeto ya ɗaga takardar ya juya ta. Shi ba ɗan kwamfuta ba ne, wayarsa ma 'yarsa ce ke saita masa. Amma ya san takarda. Kusurwa uku suna nan a miƙe, ta huɗu, ta ƙasa daga dama, an yanke ta da almakashi.

"Nan me ke akwai da?"

Manaja ya leƙa. "Ƙila haka injin ya fito da ita."

"Injinku na da almakashi ke nan."

Saje ya yi tari don kada dariya ta fito.

A filin tarkace suka sami Dogo, shugaban ma'aikatan kwance famfo. Yana zaune a kan tsohon tanki yana sosa ƙeya.

"Wa ya ba ka takardar nan?"

"Ba wanda ya ba ni, Yallaɓai. A tiren aiki na same ta ranar Alhamis da yamma, kamar kullum. An maƙala wata 'yar takarda da aka buga, wai a gama kafin rana ta fito."

"Kun saba fita aiki kafin rana ta fito?"

"Mu? Har ƙarfe goma ma ba mu fita ba."

"To ba ka yi tambaya ba?"

"Na ɗauka baƙi za su zo."

Sufeto ya gane dabarar. Injin hasken rana ba ya motsi sai rana ta ɗaga. Da asuba, mai rai da matacce duk shiru suke.

"Da kuka kwance su, matattu ne?"

"Murus, Yallaɓai. Ko ɗigo."

"Ko ɗigo."

"Ko ɗigo."

"Wannan kumburin na goshinka fa?"

Dogo ya shafa wurin. Ya dubi ƙasa, ya dubi sama.

"Gaskiya na ukun ya ɗan jiƙa mana wando. Wata tsohuwa kuma ta fito ta ce jiya-jiya ta ɗebi ruwa a nan. Na nuna mata takarda, na ce Baba, ofis ya ce ya mutu. Ta ce ofishin ne ya mutu. Sai ta bi mu da muciya."

"Kuma duk da haka ka ɗora shi a mota."

"Yallaɓai, mu takarda muke bi. In aka sa bokiti, ko ruwan na wanke ni sai na kwance. Wanda ya taɓa yin gardama da takarda a nan, yanzu gadi yake yi."

"Wa ke da makullin filin nan?"

"Manaja, da Injiniya, da wanda ke rataye a ɗakin Anti Taswira."

Saje ya rubuta. Ya matso kusa da kunnen Sufeto.

"Yallaɓai, kalmar sirri tata, suna nata, makulli a ɗakinta."

"Na ji. Abin ya yi kyau da yawa. Je ka karɓo makullin ɗakinta wurin Manaja."

Ɗakin Malama Taswira ƙarami ne. Tebur ɗaya, kwamfuta mai faffaɗan allo, fanka mai ƙara, da kwalin fensira masu launi. Ta zauna ta kunna kwamfutar.

"Ƙanwata, ni ban san komai a abin nan ba," in ji Sufeto. "Yi mini bayani kamar kina yi wa kakanki."

Ta buɗe taswirar. Tituna suka fito, da ɗigo kore da jan bokiti birjik.

"Manhajar nan tana zuwa da alamominta, Yallaɓai, da'ira da tauraro da murabba'i. Su Dogo ba sa riƙe su. Yau a ce tauraro ya mutu, gobe su kwance da'ira. Shi ne na zana nawa da fensir, na ɗauki hotonsu na sa a ciki. Ɗigo da bokiti, ko yaro ya gane."

"To hoton a jikin taswirar yake?"

"A'a. Hotunan na cikin wata folda daban, kamar kaya a durowa. Ɗaya sunansa mai-rai, ɗaya matacce. Taswira ba ta san ɗigo ba, ba ta san bokiti ba. In ta zo kan famfo mai aiki, sai ta ce a miƙo mata mai-rai, duk abin da ke ɗauke da sunan shi za ta manna."

"Kamar sabon kurtu. Sunan da ke rigar yake gani, ba fuskar ba."

Ta ɗan yi murmushi, na farko tun safe. Ta nuna masa famfunan nan uku a allo. Duk kore ne. Ta buɗe wani shafi mai nuna ranar da aka taɓa bayanin kowane famfo. Wata biyar ba wanda ya taɓa su.

Sufeto ya shimfiɗa takardar Manaja kusa da allon. Ya sa yatsa yana bin tituna, don shi ta haka yake karanta taswira, sai ya nemo inda ya sani. Ga babbar hanya, ga kwana, ga caji ofis. A bayan caji ofis ga koren ɗigo, shar da shi.

Ya tsaya.

"Saje, zo ka ga famfonmu yana aiki."

Saje ya leƙa ya riƙe baki. Famfon bayan caji ofis shekara uku ke nan da mutuwa, ko tsatsa ta gaji da shi. Wasiƙa bakwai Sufeto ya rubuto wa ofishin nan a kansa. Kaji ne ke kwana a gindinsa.

A allo kuwa jan bokiti ne a wurin, daidai yadda ya kamata.

"Ƙirga mini," in ji Sufeto. "Nawa ne masu aiki a kwamfutarki?"

"Sittin da biyu. Matattu goma sha tara."

Saje ya ƙirga na takarda da bakin biro, sau biyu. Bokiti sittin da biyu. Ɗigo goma sha tara.

Malama Taswira ta miƙe tsaye.

"Ba bayanin aka taɓa ba. Sunayen hotunan aka musanya. Aka ba bokiti sunan mai-rai, aka ba ɗigo sunan matacce. Wannan ba ya bukatar kalmar sirri. Amma ba a yi wa famfo uku kaɗai, duk garin ne ke juyewa."

"Kusurwar da aka yanke fa?"

"Akwatin da ke fassara alamomi ne. Shi ma ya juye, zai nuna bokiti an rubuta yana aiki a gefensa. Dole a yanke shi."

Saje ya ce, "To amma Yallaɓai, ita ma ai za ta iya musanyawar."

"Tana da kalmar sirri za ta rushe gari ɗaya don famfo uku? Wannan aikin wanda aka rufe wa ƙofa ne ya shiga ta taga."

Ita dai ba ta jin su. Ta sunkuya a kan takardar har hancinta na neman taɓa ta.

"Wannan ba bokitina ba ne. Wato nawa ne, amma tsohon ne."

Ta ƙara girman na allo. Bokiti ne sosai, da mariƙi da tsaga a gefe. Na takarda kuwa ba mariƙi, kuma ya lotsa ta gefe ɗaya. Sufeto ya dube shi da kyau. Ya tabbata ya ga abin nan yau, amma ba a takarda ba.

"Me ya sa kika canza shi?"

Ta kalli ƙofa, ta rage murya. "Su Dogo ne suka ce ya yi kama da hular Manaja. Har in famfo ya mutu sai su ce Manaja ya zauna a kansa. Maganar ta kai kunnensa."

Wannan karon tari bai ceci Saje ba.

"Sati uku ke nan. Manaja ya tsaya a kaina na zana sabo, na goge tsohon a gabansa. Babu shi a kwamfutar nan."

"Akwai shi a wani wuri?"

Ta gyaɗa kai. "Wata biyu da suka wuce Injiniya zai tafi zagayen ƙauyuka. Na kwafa masa taswirar da foldar hotunan a ƙaramar kwamfutarsa, irin kwafin da ake dubawa kawai, ba a gyarawa. Shi kaɗai na taɓa ba wa."

Injiniya dogon mutum ne mai fara'a, rigarsa ta sha guga. Ya tarbe su da hannu biyu, ya jawo musu kujeru da kansa.

"Abin ya dame ni, Sufeto. Matar nan kamar yayata take. Amma ka san zuciya."

"Na san ta. Kana amfani da taswirar nan?"

"Ni? Ni mutumin sifana ne. Ko buɗe ta ban iya ba."

"An ce akwai kwafi a kwamfutarka."

"Da dai. Kwamfutar ta faɗa ruwa a ƙauye, fiye da wata guda tana wurin gyara."

"Wane shago?"

"Can cikin kasuwa. Sunan ya shige mini, ka san shagunan nan duk kamarsu ɗaya."

"Ranar Asabar ina kake?"

"Gonar surukina. Kankana muke yi."

"Da ranin nan? Ruwa fa?"

"Ana dai lallaɓawa."

Wayar Injiniya na kife a tebur. Rigarta irin mai haske ce da ake ganin ciki, kuma a ciki an soke wata 'yar shuɗiyar takarda mai lamba da hatimi. Sufeto ya san irin ta. Rediyonsa ta taɓa yin wata huɗu a wani shagon gyara a kan irin wannan takardar.

Ya miƙe ya yi godiya. A baranda ya ce wa Saje ya zauna ya taya Injiniya hira, kada ya bari ya kaɗaita ko a banɗaki. Sannan ya yafito Malama Taswira suka shiga mota.

Shagon na layi na biyu a kasuwa, tsakanin mai ɗinki da mai sayar da fitilu. Mai shagon sunansa Sai-gobe, kuma ba a banza ya samo sunan ba. Kwamfutoci da rediyoyi sun yi tsibi har rufi, kowace da lambarta da ƙurarta.

"Yallaɓai, in rediyon ce ai ka karɓa tuni."

"Ba ita ba ce. Injiniyan ofishin ruwa ya kawo maka kwamfuta?"

"Ya kawo. Asabar da yamma."

"Wace Asabar?"

"Shekaranjiya."

"Ruwa ta sha?"

"Ruwa? Lafiyarta ta fi tawa. Cewa ya yi in share komai da ke cikinta, tas, a ranar. Har sau uku yana nanatawa."

Malama Taswira ta dafe kanta.

"Ka share?"

Sai-gobe ya yi kamar an zage shi. "Haba Yallaɓai. Kayan Asabar? Ai ina kan na watan jiya. Na dai ce masa ya ɗauka an gama."

Sufeto bai taɓa son malalaci ba a rayuwarsa, amma ranar saura kaɗan ya rungume wannan.

Aka zaƙulo kwamfutar a ƙarƙashin wata fanka. Sufeto ya rubuta takardar karɓar shaida, Sai-gobe ya sa hannu, ba a buɗe ta ba sai a ofishin Manaja, a gaban kowa. Manaja na kujerarsa, Dogo ya toshe ƙofa, Injiniya na tsaye kusa da Saje, fara'ar ta ragu da rabi.

"Taka ce, Injiniya?" in ji Sufeto.

"Ta yi kama da ita."

"Kunna mana."

"Ai ta lalace."

"To danna, mu ga lalacewar."

Ya danna. Ta kawo wuta tangaram. Malama Taswira ta jawo ta gabanta ta buɗe taswirar. Garin duka ya fito a juye, jan bokiti lotsattse ya rufe allo, unguwa bayan unguwa.

Dogo ya leƙo ta saman kafaɗarsu. "Kai. Manaja ya zauna a kan gari gaba ɗaya."

Manaja ya cire hularsa ya tura ta cikin durowa.

Ta buɗe foldar hotunan. Bokiti na ɗauke da sunan mai-rai, ɗigo na ɗauke da sunan matacce. A gefe ga ranar da aka taɓa su: Alhamis, ƙarfe ɗaya da kwata, lokacin da kowa ya fita cin abinci.

"Ka ce ko buɗe ta ba ka iya ba," in ji Sufeto. "Ka ce wata guda tana wurin gyara, mai gyara ya ce shekaranjiya. Ka ce ta sha ruwa. Wadda ta sha ruwa dai kankana ce. In tura Saje gonar surukin naka, ko za ka rage mana man mota?"

Injiniya ya nemi kujera ya zauna. Ya daɗe yana kallon takalminsa.

"Suna can. Ko ɗaurawa ban yi ba, suna ƙarƙashin tamfol."

"Me ya kai ka?"

"Bakina. Surukina ne kullum sai ya ce ya ba injiniyan ruwa 'ya, amma gonarsa na mutuwa da ƙishi. A gaban ƙannen matata yake faɗa, suna dariya. Rannan na ce masa kafin sati biyu zai ga ruwa har ya gaji. Da na dawo gida na rasa inda zan samo."

"Sai ka samo a bakin unguwa uku."

"Na ɗauka in sun shiga tarkace shi ke nan, ba mai ƙirga tarkace. Na gwada canza ukun kawai, ta ƙi, ta ce sai kalmar sirri. Da na musanya hotunan na ga duk sun juye, na ce wa zai tsaya dubawa, Dogo zagayen biro kawai yake kallo."

"Wannan gaskiya ne," in ji Dogo.

"Sunanta da ke saman takardar fa? Ba ka gan shi ba?" in ji Sufeto.

Injiniya ya ɗago kai.

"Na gani," ya ce a hankali. "Na ce Manaja zai yi faɗa ne kawai ya huce."

Manaja ya yi gyaran murya. Ya laluba aljihu ya ga ba komai, sai ya tuna makullin ɗakin na hannunta tun ɗazu. Ya rasa abin da zai miƙa mata, sai ya miƙe tsaye.

"Malama, abin da ya faru da safe, wato, a yi haƙuri. Takardar dakatar da ke daga aiki ma ban sa mata hannu ba."

"Ka sa, Manaja. Na gani."

"To zan yaga."

"Yaga a gaban Sufeto."

Ya ciro ta ya yaga gida huɗu. Ta ce ƙara. Ya ƙara.

Saje ya fito da ankwar da ta wuni a aljihunsa. Injiniya ya miƙa hannu ba gardama. Har sun kai ƙofa Malama Taswira ta ce su dakata.

Sufeto ya ɗan matsa tsakaninsu, don ya sha ganin inda irin wannan dakatawar ke ƙarewa da mari. Amma ita ko jakarta ba ta ajiye ba.

"Ƙanena, shekara biyu ina roƙonka ka zauna in koya maka aikin nan daga farko har ƙarshe. Kullum sai ka leƙo minti biyar ka ce ka gane."

Injiniya ya sunkuyar da kai. "Yaya, ki yafe ni."

"Wannan sai unguwa uku sun sha ruwa tukuna."

Ta juya wurin Dogo. "Tara mutanenka, ku bi motar 'yan sanda ku ɗauko injinan. Yau za a mayar da su, kuma da ni za a je."

"Anti, har na ukun? Tsohuwar nan fa tana nan."

"Da shi za mu fara. Kai ne a gaba."

Dogo ya shafa goshinsa ya fita yana neman wanda zai ara masa hular kwano.

Saje ya buɗe bayan mota ya sa Injiniya a ciki. Sufeto ya shiga gaba, ya ja ƙofa, ya waiwayo.

"To, Injiniya, nuna mana hanyar gonar. Da baki za ka faɗa. Ba na son taswirarka."